KIWON GOƊIYA A GANDU: GARGAƊI GA DAGATAI DA MANOMAN MAGAMA DA KEWAYENTA

Wannan takarda zuwa gare ku ce, dagatai da masu unguwa da manoma na Magama da sauran ƙauyukan Jibiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maganar da ke cikinta ta doki ce, watau yadda a ke samun dukushi a gida, da yadda a ke renonsa, da yadda a ke sayar da shi ba tare da hasara ba.

1. DALILIN WANNAN TAKARDA

Ƙasar Katsina ƙasar dawaki ce tun zamanin da. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe suka koma arewa suka zauna Maraɗi, aka yi shekaru da yawa mahaya suna kai da kawowa tsakanin garuruwan nan biyu da yaƙi. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka kakkafa alamun iyaka, yaƙi kuwa ya riga ya ƙare, amma doki bai rasa darajarsa ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya raya sukuwa da ƙwallon dawaki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har 1981, ya yi suna a wasan nan har ƙasashen waje. A watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Saboda haka masu neman doki ba su ƙare ba: sarakuna da hakimai, da 'yan sukuwa, da 'yan ƙwallo, da samari masu kilisa ran biki.

Amma ku duba wani abu. Kowa ingarma ya ke so, goɗiya kuwa an raina ta. Dawaki da yawa da a ke hawa a biranenmu daga arewa da gabas su ke zuwa, daga Nijar da Cadi har Sudan, mu kuwa muna bakin hanya muna kallo suna wucewa. Hanyar nan ba kullum ta ke buɗe ba. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu na 2022. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwar Jibiya da waɗansu kasuwanni na wani lokaci, saboda ɓarayin daji. Aka sake rufe iyaka a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris na 2024 aka buɗe. Duk wanda abincinsa ya rataya ga saro doki daga Ɗan Isa ko Maraɗi ya sha wuya a shekarun nan. Wanda ya ke da goɗiya a turkensa kuwa, ta ci gaba da haihuwa.

Ga abin da mu ke so ka riƙe: ingarma ado ne, goɗiya ita ce jari. Amma jarin nan ba ya riba sai da lissafi, watau lissafin abinci, da na watanni, da na kuɗi.

2. KA FARA DA LISSAFIN ABINCI

Kada ka sayi goɗiya kafin ka san abin da za ta ci da rani. A ƙasarmu ruwa ya kan sauka daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata 8 kuwa sai abin da ka ajiye.

Doki ya kan ci busasshen abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kowace rana. Goɗiya mai nauyin kilo 300 tana bukatar kilo 6 ke nan. Wata 8 kwana 240 ne. In ka ninka 6 sau 240, ka sami kilo 1,440. Wannan na goɗiya ɗaya ne kaɗai, ban da ɗanta. Ka auna dami ɗaya na harawarka a sikeli, sa'an nan ka ƙidaya dami nawa za su cika wannan. In gonarka ba ta iya ba da su, ka dakata, ka riƙe tumaki tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abincin da ya fi shi ne harawar wake da ta gyaɗa, da ingirici na harkiya ko kyasuwa wanda aka yanka tun yana ɗanye, kafin ya yi ido ya zama tsinke. Ka shanya shi, ka ɗaura, ka ɗora bisa rumfa ko rufin ɗaki inda gara da raɓar ƙasa ba su kai gare shi. Dawa da gero da dusa ƙari ne a kan wannan. Goɗiya mai shayarwa a ba ta kamar kilo 2 zuwa 3 a yini, a raba sau uku, domin cikin doki ƙarami ne, ba ya ɗaukar hatsi da yawa gaba ɗaya.

Ga kurakurai biyar da ke kashe dawaki ta wajen abinci:

Na ɗaya, zuba abinci a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce. Doki ya kan haɗiye shi tare da harawa, ya taru a hanji har ya toshe. Ka sa abinci cikin komi.

Na biyu, dusa tsantsa. Dusa tana sa ƙiba, amma ba ta da abin da ke gina ƙashi. Dukushin da aka rena da dusa ba harawa, ƙashinsa ya kan yi laushi, fuskarsa ta kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa su ke gyara wannan.

Na uku, gyauron dawa. Ɗanyen tohon dawa yana da dafi, tun ba wanda fari ya taɓa ba. Kada ka ɗaure goɗiya mai ciki inda za ta kai gare shi.

Na huɗu, hatsi ko harawa da suka yi fumfuna. Masara mai fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki. Ka zubar, kada ka yi ƙyashi.

Na biyar, abincin kaji ko na shanu na kanti. A kan sa wa waɗansunsu magani wanda ba ya cutar kaza ko sa, amma kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe doki.

Ruwa kuwa, doki ya kan sha lita 25 zuwa 40 a yini, mai shayarwa da bazara ta fi haka. A shayar da ita sau uku ko fiye, da ruwa mai tsabta. Ƙasari yana da kyau in bai yi tsami ba. Ka ajiye mata gishiri ta riƙa lasa, kanwa kuwa kaɗan kaɗan.

3. ZAƁEN GOƊIYA DA NA INGARMA

Mutane su kan zaɓi doki saboda launi, su ce wannan akawal ne, wancan kili ne, wancan danda ne, ko su duba farin goshi da farin ƙafa. Launi yana ƙara kuɗi a kasuwa, ba mu musa ba. Amma launi ba ya ɗaukar mahayi. Ka fara duban waɗannan:

Ƙafafu. Ka tsaya gabanta, ka tsaya bayanta. Su zama miƙaƙƙu, gwiwa ba ta karkata ciki ko waje ba, ba kumburi a gaɓa.

Kofato. Ya zama mai faɗi, mai tauri, ba tsagewa.

Ƙirji da ƙugu. Ƙirji mai zurfi, baya gajere, ƙugu mai faɗi.

Baki. Haƙoran sama su hau daidai kan na ƙasa. In sun saɓa, ba ta cin ciyawa da kyau, ɗanta kuma ya kan gada.

Hali. Goɗiya mai cizo da harbi ita ce malamar ɗanta wata shida. Abin da ya gani shi zai yi.

Ka sa a ja ta da tafiya, a ja ta da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ka ga ko tana ɗingishi. Ka tambayi sau nawa ta haihu, in da hali ka je ka ga 'ya'yanta. Kada a ba da goɗiya barbara kafin ta cika shekara 3, in ta kai 4 ya fi. Mai lafiya ta kan yi ta haihuwa har ta wuce shekara 15.

Ingarma kuma haka za ka dube shi, har ka fi tsanantawa, gama goɗiya ɗa ɗaya ta ke bayarwa a shekara, shi kuwa yana iya ɓata ko gyara dawakin ƙauyuka goma. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada ka kai goɗiya ga ubanta, ko ɗanta, ko wanda suka haɗa uwa. Kafin a haɗa su, ka duba gaban kowannensu. In akwai kumburi, ko ƙuraje, ko ruwa yana fita, a fasa, domin akwai cutar da barbara ke yaɗawa.

Kada kuma ka raina irin gida. Dokin da aka haifa a nan ya saba da zafinmu da ƙwarinmu da abincinmu. Manyan dawakin da a ke kawowa daga ƙasashen waje saboda ƙwallo su ne su ka fi saurin faɗuwa in cutar damina ta zo. In kana son ƙarin tsawo, ka kai goɗiyar gida ga ingarma mai tsawo wanda ya riga ya yi damina biyu ko uku a ƙasar nan lafiya.

4. LOKACIN BARBARA

Goɗiya ta kan nemi namiji bayan kowane kwana 21, ta yi kwana 5 zuwa 7 tana nema. Alamunsa: tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan kaɗan, in doki ya matso sai ta tsaya. Wajen ƙarshen kwanakin nan ne ta fi kama ciki. Saboda haka a fara haɗa su a rana ta biyu ko ta uku, a tsallake rana ɗaya, a sake, har ta ƙi shi. In mako 3 ya wuce ba ta sake nema ba, ana sa ran ta kama.

Cikin goɗiya wata 11 ne, kamar kwana 340. To, ga inda lissafi ya ke. In an yi barbara a Yuli ko Agusta, lokacin da ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa, za ta haihu a Yuni ko Yuli na shekara mai zuwa. Ciyawa ta fito, nono ya wadata. Dukushi zai isa yaye a Nuwamba ko Disamba, harawa tana jibge. In kuwa ka bari aka yi barbara a Afrilu, za ta haihu a Maris, a tsakiyar zafi, rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta yi zurfi. Uwa ta rame, ɗa ya tsumbure, tsumburarren dukushi kuwa ba ya cika kama girman da ya ɓace masa.

Ka rubuta ranar barbara da sunan mai ingarma a littafi. Wanda bai iya rubutu ba ya je wurin dagaci ko malamin unguwa.

Ana iya hawan goɗiya mai ciki da sauƙi a watannin farko. Daga wata na 8 a bar hawanta, a riƙa jan ta yawo safe da yamma, a ƙara mata harawa da hatsi, gama a wata 3 na ƙarshe ne ɗan ya fi girma a ciki. Saura mako 4 zuwa 6 ta haihu, ka kira malamin dabbobi ya yi mata allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Ƙarfin allurar zai bi ta nono ya kai ga ɗan.

5. HAIHUWA

In haihuwa ta kusa, hantsa ta kan cika, wani abu kamar danƙo ya fito a kan nono. Ka share wuri mai faɗi, ka kwashe kashi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ka kwance mata dabaibayi. Yawanci da dare su ke haihuwa, ba su kuwa son taro. Mutum ɗaya ya isa, ya tsaya nesa kaɗan da fitila.

Haihuwar goɗiya da sauri ta ke. Daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa minti 20 ne zuwa 30. Ƙafafun gaba biyu su ke fara fitowa, tafin kofato yana duban ƙasa, sa'an nan hanci a kansu. In ka ga ƙafa ɗaya kaɗai, ko kai ba ƙafa, ko rabin sa'a ya wuce tana naƙuda ba ci gaba, ka aika a kira malamin dabbobi nan da nan. Kada a ɗaura igiya a ja da ƙarfi.

In ɗan ya fito, ka cire fatar da ta rufe masa hanci. Kada ka yanke cibiya, za ta tsinke da kanta. Ka tsoma guntun cikin ruwan aidin. Kada a shafa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ta nan ne sarƙe-haƙora da ciwon gaɓoɓi ke shiga.

Ka riƙe ƙidaya uku. Cikin sa'a 1 ɗa ya miƙe tsaye. Cikin sa'a 2 ya kama nono. Cikin sa'a 3 mabiyiya ta faɗo. In mabiyiya ta wuce haka, kada ka ja ta, ka nemi taimako, gama a goɗiya wannan yana kisa cikin kwana kaɗan.

Nonon farko, watau dakashi, kada a tatse shi a zubar. Dukushi ya kan zo duniya ba shi da makarin cuta ko kaɗan, daga dakashi ya ke samu, hanjinsa kuwa ba ya karɓarsa sai a yinin farko. Wanda ya rasa dakashi da wuya ya ga kaka.

Goɗiya ta kan sake neman namiji bayan kwana 7 zuwa 10 da haihuwa. Ya fi kyau ka tsallake wannan, ka jira na gaba, wajen kwana 30. In ta rame ƙwarai, ka hutar da ita shekara guda. 'Ya'ya biyu nagari cikin shekara uku sun fi uku tsumburarru.

6. RENON DUKUSHI DA HORO

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Tun yana ɗan mako ɗaya ka riƙa shafa shi, kana ɗaga ƙafafunsa ɗaya ɗaya. Da ya yi wata ɗaya ka sa masa ragama mai laushi, ka ja shi a gefen uwarsa. Kada ka ɗaure shi a turke yini da kwana. Ƙashi da jijiya ba su ƙarfi sai da guje-guje. Ka yi masa shinge mai faɗi na kara ko na ƙaya, ban da waya mai ƙaya.

Wajen wata 2 zuwa 3 a ba shi maganin tsutsar ciki bisa shawarar malamin dabbobi. A yaye shi yana wata 5 ko 6, bayan ya saba da cin harawa da hatsi. Ran da ya cika shekara, in namiji ne, a raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa mata.

Babban kuskuren da a ke yi shi ne hawa da wuri. Yara su kan ɗare kan ɗan shekara ɗaya da rabi, su yi ta sukuwa, baya ya lanƙwashe, gaɓoɓi su kumbura, dokin da zai yi shekara 20 yana aiki ya ƙare yana da 7. A shekara 2 a koya masa sirdi da majayi ba mahayi. A shekara 3 yaro mara nauyi ya hau, a yi tafiya da sassarfa. Sukuwa sosai sai shekara 4. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi. Kada a fara da shi, a fara da ragama, in ya saba a sa linzami mai sauƙi. Bakin da aka yayyaga tun yana ƙarami ba ya sake jin hannu.

A gyara kofato bayan kowane mako 6 zuwa 8. A naɗa tsumma a igiyar dabaibayi don kada ta ci ƙafa. In miki ya fito a baya, a bar ɗaura sirdi har ya warke sarai.

7. CUTUTTUKA

Cutar damina. Wannan ita ce mafi muni. Waɗansu 'yan ƙananan ƙwari ne da ba su kai sauro ba ke kawo ta, suna cizo daga faɗuwar rana zuwa hantsi, sun fi yawa kusa da fadama da bakin Gulbin Gada da dam ɗin Jibiya. Alamunta: zazzaɓi, da kumburi a ramin da ke bisa ido, da numfashi da ƙyar, wani lokaci kumfa ta hanci. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ka tambayi malamin dabbobi labarin allura tun kafin ruwa ya sauka. Ka shigar da dawaki barga kafin magariba, ka yi hayaƙi, kada ka bar jiƙaƙƙen taki kusa.

Mura. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 wata mura ta dawaki da jakuna ta bi ƙasar Sakkwato da Nijar da maƙwabtansu, jakuna masu yawa suka mutu. Tari da majina ke yaɗa ta. Saboda haka duk dabbar da ta zo daga kasuwa, ko ta dawo daga hawa, a ware ta mako 2 zuwa 3, da kominta da bokitinta dabam.

Ƙuraje masu jeri. Su kan fito a ƙafa ko wuya ko ƙirji, a jere kamar carbi, su fashe da mugunya. Ƙuda da kayan doki ke yaɗa su. Ka ware mai su, kada ka ara wa kowa jalalarsa ko majayinsa, ka ƙone tsummokaran da aka goge shi da su.

Ciwon ciki. Doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana gumi, yana birgima. Ka ɗauke abinci, ka riƙa jan sa a hankali, ka aika a kira likita. Doki ba ya amai. Kada a yi masa ɗura ta hanci, ruwan ya kan faɗa huhu.

Sammore. Tsando da bobuwa ke kawo shi. Dokin da ya je kudu ya dawo yana ramewa alhali yana ci, a kai jininsa a duba.

Kaska. Ka cire su da hannu kullum. Maganin kaska na shanu mai suna Amitraz dafi ne ga doki, kada ka wanke shi da shi.

A kwashe kashin doki kowace safiya. Wannan yana rage tsutsa da ƙuda, taki kuma ya tafi gona, gona ta mayar da harawa.

8. AIKIN MUTANEN GIDA

Kiwon goɗiya aikin gandu ne. Mai gida ya riƙe littafi da kuɗi. Samari su yi yankan ciyawa da kilisa. Yara su yi shara da ban ruwa. Mata kuwa su ke tara dusa da ƙasari, ya kamata a tuna da su ran da kuɗi ya shigo. In 'yan'uwa sun haɗa kuɗi sun sayi goɗiya, ko an ba wani kiwo, a faɗi tun farko ɗan fari na wane, na biyu na wane, in ta mutu hasarar ta wane. A rubuta a gaban shaidu. Tun ran gini ran zane.

9. SAYARWA

Daga barbara zuwa ranar da za ka sayar da ɗan shekara 3, shekara 4 ke nan. Ka rubuta abin da ka kashe duka: ladan ingarma, hatsi, magani, har da kuɗin harawar da ka ciyar, gama da ka kai ta kasuwa da kuɗi ne. Ba za ka san ko ka ci riba ba sai da wannan. In abinci ya yi maka kaɗan, ka sayar da namiji yana ɗan shekara. Amma 'ya mace tagari kada ka sayar, ita za ta gaji uwarta.

Doki ya fi tsada in Salla ta gabato, da lokacin bukukuwa bayan kaka. Ya fi araha a ƙarshen rani, sa'ad da kowa ya rasa abin ba shi. Ka shirya shi wata 2 kafin lokaci. Kada ka dannƙara masa hatsi cikin mako ɗaya don ya yi sheƙi, ƙarshensa ciwon ciki ne ko ciwon kofato.

Mai saye zai buɗe baki ya duba shekaru, kai ma ka iya. Doki yana da haƙoran gaba 6 a sama, 6 a ƙasa. Biyun tsakiya su kan yi famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. In kana da littafi, ba ka bukatar gardama, ka nuna ranar haihuwa da sunan uwa da uba. Dokin da aka san asalinsa ya fi wanda ba a sani ba kuɗi.

Ka yanke la'adar dillali kafin a fara ciniki. In dokinka yana da aibi, ka faɗa. Mai kiwon goɗiya ba sau ɗaya zai sayar ba, wanda ya ji daɗin na bana shi zai dawo neman ƙanensa. Kada kuma ka yi cinikin biri a sama, ko ka saki doki bashi ba shaida.

In za ka ƙetare iyaka da doki, ko ka shigo da shi, ka bi ta ƙofar Magama, ka nuna shi ga ma'aikatan kwastan da masu duba lafiyar dabbobi, ka karɓi takarda. Ka tambayi dokar da ke ci a lokacin, gama ta kan sake. Hanyar daji tana iya cinye doki da mai doki.

10. ABIN DA KE WUYAN DAGATAI

Ku dagatai da masu unguwa, abu huɗu mu ke roƙonku.

Na ɗaya, ku ajiye littafin dawakin ƙasarku: sunan mai shi, da launi, da alamun goshi da ƙafa, da shekaru. Duk wanda aka sayar ku ba da takarda. A zamanin nan na satar dabbobi, kada ku yarda a sayi dokin da ba a san turken da ya fito ba, kome araharsa.

Na biyu, ku san ingarmun kirki da ke kusa da ku, ku shirya da masu su don talaka ya sami kai goɗiyarsa da lada mai sauƙi.

Na uku, in doki biyu ko uku sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ku sanar da hakimi da ofishin dabbobi na Jibiya a ranar. Ku hana kai dabbobin ƙauyen kasuwa har a duba. Mushe a binne shi da zurfi.

Na huɗu, ku kiyaye burtali da makiyaya da mashaya kada a nome su, ku hana ƙunar daji da kaka.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Harawa kafin goɗiya: kilo 1,440 don rani ɗaya.
2. Ƙafa da kofato da hali kafin launi.
3. Barbara a Yuli ko Agusta, haihuwa a Yuni ko Yuli.
4. Sa'a 1 tsayuwa, sa'a 2 nono, sa'a 3 mabiyiya.
5. Ba hawa sai shekara 3.
6. Baƙon doki a ware shi mako 2 zuwa 3.
7. A rubuta kome, a sayar da gaskiya, a riƙe 'ya mace.

Wanda ya sami wata matsala da ba mu ambata ba, ya je wurin malamin dabbobi na yankinsa, ya tafi da littafinsa. Allah ya sa albarka a turke da rumbu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.